Dan Allah a kawo ɗauki: me za mu kira "telihelt" da Hausa? Ƙarfe 8 za a karanta

Maman Hanan: Salamu alaikum jama'a. Malamai a taimaka min, an jefo min rahoto kan dokokin lafiya na Amurka in fassara, ƙarfe 8 na daren yau za a karanta shi a shirin lafiya kuma ga shi har an yi azahar ban wuce sakin layi na biyu ba. Kalma ɗaya ce ta tsaya min a wuya, wannan da suke cewa telihelt, kusan kowane layi sai ta fito. A taƙaice labarin shi ne, tun Maris 2020 lokacin korona gwamnatin Amurka ta ɗaga ƙafa ga masu inshorar Medicare, wato tsofaffi 'yan shekara 65 zuwa sama da wasu masu nakasa, mutum yana zaune a gidansa likita ya duba shi ta bidiyo ko ta waya kuma inshorar ta biya. To sassaucin na wucin gadi ne, majalisa ke ta ƙara masa wa'adi guntu-guntu, ya ƙare ranar 30 ga Satumba 2025 daidai lokacin da ayyukan gwamnati suka tsaya saboda rigimar kasafin kuɗi, da aka sasanta a Nuwamba bayan kwana 43 sai aka maido shi zuwa 30 ga Janairu 2026. Ina son gajeriyar kalma da mai karatu ba zai sarƙe ba. Akwai ta biyu ma, firabasi na majinyaci, wato kar a baza bayanansa, amma mu fara gamawa da wannan.

Baban Sadik: Wa alaikis salam. Duban nesa. Gajere, an wuce wajen.

Sarkin Zolaya: Duban nesa?? 😂 Haba Baban Sadik, so kake tsohuwa ta ji a rediyo cewa majalisar Amurka ta amince inshora ta riƙa biyan malaman duba? Gobe da safe masu buga ƙasa za su fara neman biza.

Baban Sadik: Kai dai ba ka da dama. To magani daga nesa.

Sarkin Zolaya: Wannan kuma ai jifa ne yallaɓai. Wanda aka yi wa magani daga nesa ba warkewa yake ba, kwanciya yake.

Ɗalibar Hausa: Anti me zai hana ki ce ganin likita ta waya? Haka kowa zai faɗa in yana ba da labari a gida ai.

Nas Ɗin Dare: Ƙanwata "ta waya" zai ba ta matsala a wannan rahoton musamman. Ni a Amurka nake aikin jinya, yanzu na sauka daga aikin dare na ga wannan zancen, bari in ɗan yi bayani kafin barci ya kwashe ni. A dokar an raba ganawa ta bidiyo da ganawa ta murya kawai, kuma ana ta ja-in-ja a kan ta muryar saboda tsofaffi da yawa ba su da intanet mai ƙarfi ko ba su iya sarrafa bidiyon ba. In kin sa waya a cikin sunan abin, da kin zo layin da ke cewa an yarda da na murya kawai sai ki rasa me za ki ce, ganin likita ta waya ta waya? Haka ma kar a sa gida a cikin sunan. Kafin 2020 ma Medicare tana biyan wannan abu, amma sai mutum yana zaune a yankin karkara kuma sai ya taka ya je wani ƙaramin asibiti ko ɗakin shan magani an haɗa shi da babban likita daga can. Sabon abin da korona ta kawo shi ne daga gida, kuma ko a birni kake. Kenan nesa ita ce gundarin abin, gida da waya bayani ne.

Maman Hanan: Allah ya saka da alheri Yaya, wallahi da na tafka kuskure don har na rubuta "asibiti a gida" a gefe. Na goge.

Tsohon Malami: Assalamu alaikum 'ya'yana. Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma ba ku yi laifi ba, sai dai dukkanku jimla kuke kawowa alhali yarinyar nan kalma ta nema. Jimla ba ta zama suna. Shekara talatin da biyar na yi ina koyar da Hausa, kuma wannan kalma na daɗe da tanadinta a littafina tun lokacin korona, ba a dai tambaye ni ba ne. LIKITARHO. Likita da tarho, aka haɗe su a gaɓar "ta" da suke tarayya a kai. Ku furta ku ji yadda take zama a baki. Za a ce an yi masa likitarho, Medicare za ta ci gaba da biyan kuɗin likitarho, sana'ar kuma likitarhanci. Kalma ce mai haihuwa.

Sarkin Zolaya: Allah ya gafarta Malam, jam'inta fa? Likitarhuna ko likitarhohi? 😂 Wallahi kamar sunan maganin tari.

Tsohon Malami: Kai yaro ne. Duk sabuwar kalma dariya ake mata ranar sunanta. Wanda ya fara cewa yanar gizo an yi masa dariya, yau wa ke dariya?

Ɗalibar Hausa: Baba ku yi haƙuri, amma tarho fa mu ba mu taso mun ji ana faɗa ba sai a labarai, waya ko salula muke cewa. Kuma Yaya Nas ta riga ta ce kar a sa waya a ciki, tarho ɗin ai waya ce. Sannan yanar gizo ta zauna amma na'ura mai ƙwaƙwalwa fa? Kowa kwamfuta yake cewa.

Tsohon Malami: 'Yata, rashin saninku da tarho shi ne ma amfaninta. Tunda ta tsufa ta bar aiki, sai a ba ta sabon aiki, ta tsaya a matsayin duk wata na'urar sadarwa daga nesa. Haka Turawan suka yi da "tele" ɗin nasu, tsohuwar kalmar Girkanci ce mai nufin nesa, suka tono ta suka maƙala wa talabijin da tangaraho da komai. Su in sun yi a ce ilimi, mu in mun yi a ce maganin tari.

Hausa Zalla: Ni abin da ke ba ni takaici kenan. Malam da girmanka ka ɗauko aro biyu ka ɗinke ka ce ka ƙirƙiro kalmar Hausa. Likita daga dokta take, tarho daga talifon, ina Hausar a ciki? Kamar mutum ne ya ari riga ya ari wando ya fito yana cewa ku ga ɗinkina. Harshen da miliyoyin mutane ke magana da shi daga Sudan har Gana a ce ba shi da kalmar kansa ta kula da mara lafiya? Muna da jinya. JINYAR NESA. Ba aro ko ɗaya. Wannan lalaci na 'yan jarida shi ya kashe mana harshe, kullum inshora, kullum bidiyo, kullum asibiti.

Sarkin Zolaya: To Malam Zalla in an kori likita sai mu koma boka kenan, dama bokan Turai kakanninmu suka ce. "Majalisar Amurka ta tsawaita bokancin nesa zuwa Janairu." Maman Hanan rubuta kawai 😂

Baban Sadik: Kuma in za a bi ta taka, lafiya ɗin ma daga Larabci take, sai a cire ta ita ma. Da harshe ake kore baƙi da yanzu ba mu da abin gaisawa da safe.

Hausa Zalla: Larabci daban, ya shekara ɗaruruwa a cikinmu ya zama ɗan gida.

Baban Sadik: Asibiti ma ta kwana biyu ai, kakata ba ta taɓa shiga aji ba kuma asibiti take cewa har ta koma ga Allah. Shekara nawa baƙo zai yi kafin ka ba shi ɗaki?

Nas Ɗin Dare: Ku bar batun aro tukuna, jinyar nesa ba ta yi ba ta fuskar ma'ana. Jinya zama ne da mara lafiya, ka juya shi, ka ba shi abinci, ka kwana a gefensa, shi ya sa muke cewa mai jinya. Abin da ba ya yiwuwa daga nesa kenan ma. Kuma yawancin masu amfani da abin nan ba a kwance suke ba, wani hawan jini ne ake bibiya, wani sukari, wani sabunta takardar magani zai yi, da yawa kuma masu ganin likitan ƙwaƙwalwa ne ko mai ba da shawara kan damuwa. Wannan ɓangaren na lafiyar ƙwaƙwalwa ma shi majalisa ta riga ta mayar da shi na dindindin tun dokar ƙarshen 2020, shi ya sa bai faɗi tare da sauran ba a Oktoba. Maman Hanan ki duba ko rahotonki ya faɗi haka, don in bai faɗa ba mai sauraro zai ɗauka komai ne ya tsaya.

Maman Hanan: Ya faɗa a ƙasa can, na gani. Jama'a la'asar ta yi fa 😭 har yanzu ba ni da kalma.

Na Ƙetaren Iyaka: Salamu alaikum. Ni tun ɗazu ina kallonku, kowa likita likita. Ku sani a wajenmu a Nijar in mutum ya ce za ni likita, ginin yake nufi, asibitin. Mutumin kuwa lokotoro muke ce mishi. To in kun ce ganin likita daga nesa, wani tsoho a ƙauyenmu sai ya ɗauka hango ginin asibiti ne daga bisa tudu. Kuma rediyon nan muna saurarenta mu ma, amma kullum in za a yanke kalma sai a yanke da Hausar Kano kamar mu ba mu cikin gidan.

Baban Sadik: Ba Hausar Kano ba ce ɗan'uwa, daidaitacciyar Hausa ce.

Na Ƙetaren Iyaka: Wa ya daidaita ta, kuma da ta wa aka daidaita? Suna ne dai aka sake ma ta.

Hausa Zalla: Lokotoro ɗin ma ai aro ne daga Faransanci, kun ga abin da nake faɗa. Kowa da ubangidan da ya ara wa.

Na Ƙetaren Iyaka: Ni ban ce tawa ba aro ba ce, cewa na yi a san da mu.

Tsohon Malami: To kun gani? Wannan rigima duk likitarho ta kashe ta. Ko likita mutum ne ko gini ne, likitarho ta ɗauke su duka, na Nijeriya ya ji mutum a tarho, na Nijar ya ji asibiti a tarho, kowa ya fahimta. Ban taɓa lura da wannan fa'idar ba ma sai yanzu, na gode ɗana.

Na Ƙetaren Iyaka: Baba ban goyi bayanku ba fa, kar a sa ni a ciki.

Ɗalibar Hausa: Gaskiya dai abin da Baba ya faɗa yanzu ya ɗan shige ni 😅 amma Anti ba za ta iya jefa sabuwar kalma a labarai ba tare da bayani ba, kuma bayanin zai ci mata lokacin da take son ragewa. Me zai hana kiwon lafiya daga nesa? Babu likita a ciki balle a yi rigimar gini ko mutum, babu waya, babu gida, kuma ya haɗa har da nas da mai ba da shawara da awon hawan jini da ake turawa ta na'ura.

Nas Ɗin Dare: Wannan ya fi kusa da faɗin kalmar ta asali. Illarsa ɗaya, bai da aikatau mai daɗi. Ba za ki ce "tsohon ya yi kiwon lafiya daga nesa ranar Talata" ba. A nan dole ki koma ya ga likita daga nesa. Ni da ni ce, sunan tsarin in ce kiwon lafiya daga nesa, aikin kuma ganin likita daga nesa, a farkon ambato ki ƙara ta bidiyo ko ta waya sau ɗaya shikenan.

Maman Hanan: Na ɗauka. Biyun zan yi amfani da su. Ɗan'uwa na Nijar ka yi haƙuri, a ambaton farko zan ce likita ko wani jami'in lafiya don a gane mutum ake nufi. Yanzu dan Allah ta biyun da sauri, firabasi. Rahoton yana magana kan dokar HIPAA ta 1996, ya ce a Maris 2020 an sassauta ta yadda likita zai iya ganawa da majinyaci ta FaceTime ko Skype ko Zoom ba tare da an hukunta shi ba, banda irin su Facebook Live da TikTok da kowa ke iya kallo, sassaucin ya ƙare 11 ga Mayu 2023 aka ba likitoci kwana 90 su koma manhajojin da suka cika ƙa'ida. Na rubuta sirrin majinyaci, ya yi?

Tsohon Malami: Rufin asiri. Wannan kam ba ƙirƙira ba ce, ba wanda zai ce maganin tari ne. Dokar rufin asirin majinyata.

Baban Sadik: Allah ya gafarta Malam, rufin asiri a kunnen mutane abin kai wa baki ne da ɗan abin biyan buƙata. Dokar rufin asirin majinyata za a ɗauka tallafi gwamnati za ta raba musu.

Hajiya Babba: Ni ban cika sa baki a nan ba amma amana ce kalmar. Abin da ka faɗa wa likita amana ka ba shi. In ya fitar ya ci amana, kowa ya san nauyin wannan ba sai an yi bayani ba. Sirri kuwa yana sa a ji kamar abin kunya ne mutum yake ɓoyewa, alhali wanda ya karye a ƙafa ma yana da haƙƙin kar a baza takardunsa.

Nas Ɗin Dare: Hajiya kin taɓo wajen. Abin da dokar ke karewa ba cutar kaɗai ba ce, har suna da adireshi da ranar haihuwa da lambar inshora matuƙar an haɗa su da bayanin lafiya. Kuma akwai ɓangaren da sirri ko amana ba su ɗauko ba, dokar ta ba majinyaci haƙƙin ya nemi kwafin fayil ɗinsa a ba shi, galibi cikin kwana 30. Sannan akwai tsaro na kwamfuta wanda shi ma babi ne daban, wato kar ɓarayin intanet su kutsa, kamar kutsen da aka yi wa Change Healthcare, kamfanin da ke sarrafa takardun biyan kuɗin inshorar lafiya, a Fabrairu 2024 wanda ya shafi bayanan mutum kusan miliyan 190. A nan ba wani likita ne ya yi surutu ba, ƙofa aka fasa. Wani abin kuma da mutane ko a nan Amurka ba su sani ba, HIPAA likitoci da asibitoci da kamfanonin inshora da masu yi musu aiki ta ɗaure, ba kowace manhajar lafiya da ka sauke a waya ba. BetterHelp, manhajar ba da shawara kan damuwa, da aka samu da miƙa bayanan masu neman shawara ga kamfanonin talla irin su Facebook, hukumar kula da kasuwanci ta tarayya ce ta sa su biya dala miliyan 7.8 a 2023, ba ma'aikatar lafiya mai kula da HIPAA ba. Don haka ki kiyayi cewa dokar ta kare duk bayanan lafiyar mutum, ba haka ba ne.

Ɗalibar Hausa: To dokar kare bayanan majinyata kenan? Ba ta da armashi amma ba ta yi ƙarya ba.

Hajiya Babba: Ba ta da rai dai. Kamar takardar ofis.

Hausa Zalla: Bayani ma Larabci ne amma na gaji, ku yi yadda kuka ga dama. Dama ba a son gaskiya a gidan nan.

Maman Hanan: Dokar kare bayanan majinyata zan sa a matsayin suna, in na zo inda ake maganar likita ya fitar da zance sai in ari amanar Hajiya, inda aka yi kutse in ce tsaro. Sirri zan bar shi wuri ɗaya kawai. Na san ba kalma ɗaya ba ce amma magariba ta kusa, edita yana tsaye a kaina. Na gode kowa da kowa, na gudu.

Tsohon Malami: Wato kalmomi biyu aka nema an tashi da jimloli biyar. Allah ya kyauta. Ni dai ban janye ba, haƙuri na yi saboda yarinyar tana sauri.

Maman Hanan: An karanta alhamdulillah, mai karatun bai sarƙe ko sau ɗaya ba. Sai dai edita ya yanke "ko wani jami'in lafiya" wai lokaci ya ƙure, ɗan'uwa na Nijar wallahi ba laifina ba ne 🙏 Kuma Baba kar ku ji daɗi da yawa amma a ɗakin labarai da na ba su labarin, yanzu kowa likitarho yake cewa yana dariya, har editan da zai tambaye ni cewa ya yi "ina rahoton likitarhon nan?"

Na Ƙetaren Iyaka: Dama na sani mu za a yanke.

Tsohon Malami: Editan da bakinsa ya faɗa? 'Yata rubuta min ranar da lokacin, zan sa a littafina. In wa'adin nan ya ƙare, dole su sake kawo miki rahoton, ki gwada ta sau ɗaya tak a tsakiyar labari mu ga ko wani zai bugo ya yi ƙorafi.

Sarkin Zolaya: In sun bugo Malam, ta tarho za su bugo ko ta waya?

Tsohon Malami: Jam'in likitarhohi ne, tunda ka tambaya ɗazu.